Babi na Biyar: Daga Daɓe Zuwa Tayil

Ranar da aka ɗora wa gini kwano, mai shi kan sauke ajiyar zuciya, 'yan'uwa su yi ta zuwa barka ana cewa saura ƙiris a tare. Birkila dai murmushi yake yi, don ya san yanzu aljihu zai fara kuka. Abin da ya rage shi ne wanda ma'aikata ke ce wa finishin: filasta, silin, tayil, fenti, ƙofofi da tagogi, fitilu, kayan banɗaki. Shi ya sa a kowace sabuwar unguwa ta bayan gari, a Kano ne ko Katsina ko Maraɗi, ake ganin gidaje an rufe su da kwano amma bulo tsirara, an toshe tagogi da buhu, suna jiran mai su ya farfaɗo.

A wannan mataki ne kuma kowa ke da ta cewa. Wajen tushe da rodi ba mai tsoma baki, an bar wa masu aikin. Da an zo zaɓen tayil kuwa, uwargida na da hoton da ta gani a Instagram, maigida na tuna falon abokinsa na Abuja, mai shago kuma na da kwalayen da suka daɗe a sito yana neman kai da su. Duk da ido suke zaɓe. Da wuya a sami wanda zai tambayi yadda ɗakin zai kasance da ƙarfe ukun rana a watan Afrilu, ko yadda za a kwana a cikinsa in an ɗauke wuta. Alhali daɓe da bango da rufi su ke tsaye tsakanin jikin mutum da yanayin garinsa. Su ke yanke hukuncin ko gida zai zaunu da kansa, ko kuwa sai an ɗaura masa janareta.

Mu fara da ƙasa, don mu mutanen zaman ƙasa ne. A nan muke cin abinci, a nan muke sallah, a nan yaro ke rarrafe, kuma ko a falon da aka cika da kujeru na alfarma, in hira ta yi daɗi sai ka ga dattijo ya zamo ya miƙe ƙafa a kan darduma.

Daɓen gargajiya aikin mata ne, kuma aikin gayya. Ana baza ƙasa mai tsakuwa, a yayyafa ruwa, mata su jeru da maɗabai suna duka suna waƙa har ƙasar ta kwanta ta haɗe. Sannan a riƙa shayar da ita ruwan makuba, wato jiƙon ɓawon ɗorawa, ko na bagaruwa. Sinadarin da ke cikin waɗannan, irin wanda majema ke jeme fata da shi, shi ke ɗaure fuskar daɓen, ya ba shi duhun launi da ɗan sheƙi. Daɓe mai kyau ba ya ƙura, ba ya ƙona ƙafa da bazara, ba ya daskarar da ita da hunturu. Aibinsa shi ne yana son kulawa, ba ya jure ruwa mai yawa, kuma ƙafar gadon ƙarfe na cin sa. Da siminti ya wadatu sai aka koma shafe, aka shimfiɗa masa ledar ɗaki mai furanni, wadda ta daɗe tana cikin kayan kowace amarya. Masu hali suka sa kafet bango zuwa bango, ƙurar hunturu ta samu wurin ɓuya. Gidajen gwamnati da na manyan 'yan kasuwa na shekarun 1970 da 1980 kuwa tarazo suka yi, wato gutsattsarin dutse da ake kwaɓawa da siminti, a zuba, a goge da inji har ya yi sumul. Wanda ya shiga irin waɗannan gidaje yau zai tarar fenti ya koɗe, silin ya zubo, amma tarazon na nan yadda aka bar shi. Na kasa gane dalilin da ya sa mutane ke biyan lebura ya farfasa shi don a manna tayil mai arha.

Ba raina tayil nake ba. Ya ci kasuwa ne da haƙƙinsa: ana goge shi da tsumma ya koma sabo, ba ya riƙe wari, gara ba ta cin sa, kuma a kicin da banɗaki ba shi da na biyu. Sai dai sunan ɗaya ne, kayan iri-iri. Akwai wanda aka gasa a wuta mai tsanani, kusan digiri 1,200, har yumɓun ya narke ya toshe ƙofofinsa, ruwan da yake sha bai kai rabin kashi 1 cikin 100 na nauyinsa ba. Shi ne mai tsada, shi ne kuma mai jure takawa. Akwai mai taushin ciki wanda aka shafa wa gilas a fuska kawai, an yi shi ne don bango, in aka shimfiɗa shi a ƙasa ba ya daɗewa yake tsagewa. Mai saye zai iya rarrabewa da kansa: ya juya tayil ɗin, ya ɗiga ruwa a bayansa, ya ga ko zai tsotse. Mafi yawan wanda ake shigowa da shi daga garuruwa 'yan kaɗan yake fitowa, Foshan a ƙasar Sin, Morbi a jihar Gujarat ta Indiya, yankin Castellón a Sifen, da Sassuolo a Italiya, ban da wanda masana'antun cikin gida ke yi yanzu. Sunan ƙasar da aka buga a kwali bai isa shaida ba.

Matsalar ita ce mun ɗauki kayan banɗaki mun game gida da shi. Tayil mai ƙyalli kamar madubi, wanda aka fi so a falo, da ya jiƙe ya zama tarko, a gidan da ake alwala sau biyar a yini, ga tsofaffi ga yara. Tayil a ƙasa, busasshen siminti a bango, POP a sama, ba abin da ke shanye sauti, cokali ya faɗi a ji shi a ɗaki na uku. Da sanyi kuma ba ya takuwa, sai a sake sayen kafet a rufe abin da aka kashe kuɗi don a gani. Shi kuwa tayil ɗin da ke kumbura ya ɓalle bayan 'yan shekaru, yawanci ba laifinsa ba ne. Mai aikin ne ya ɗiga siminti a kusurwoyi da tsakiya ya bar rami a ƙarƙashi, ko ya matse su bai bar musu sararin motsi ba, alhali kowane abu na buɗewa da zafi ya tsuke da sanyi. In ka ƙwanƙwasa ka ji yana amsawa kamar ganga, a sake shi tun mai aikin bai karɓi cikon kuɗinsa ba.

Har tsakar gida abin ya kai. An sare darbejiya don ganyenta na ɓata wuri, an malale ko'ina da kankare ko intalok. Farfajiyar ta wuni tana shan rana, da dare ta riƙa amayo zafin a daidai lokacin da ake son fitowa shan iska. Ruwan sama kuma da ya rasa inda zai nutse sai ya bi ƙarƙashin ƙyaure ya fita titi, ya haɗu da na maƙwabta.

Bango shi ya fi komai canzawa, shi ne kuma aka fi jahilta. Maginan da suka gina tsoffin unguwannin Kano, Zariya da Birnin Damagaram da tubali suke aiki, wanda ake mulmulawa da hannu a shanya a rana, a jera shi da kwaɓaɓɓiyar ƙasa. Katangar kan yi kauri sosai a gindi, tana sirancewa tana hawa. Wannan kauri shi ne sirrin. Zafin rana na ɗaukar sa'o'i masu yawa kafin ya ratsa ƙasa mai kauri, kafin ya iso ciki dare ya yi, waje ya huce, sai ya juya ya fita. A ƙasar da rana ke ƙuna dare kuma ya sassauta, wannan dabara ta fi kowace na'ura arha. Bulon siminti mai inci 9 ko 6, da ramukansa da siraran gefunansa, ba ya iya wannan riƙo. Bangon yamma kan ɗauki zafin la'asar ya miƙa shi ciki tun kafin a yi isha'i. Duk wanda ya taɓa jingina da bangon ɗakinsa da dare ya ji ɗumi a bayansa ya san zancen.

Su ma magabata sun san ƙasa na tsoron ruwa, don haka suka yi mata riga. Makuba ake shafa wa bangon waje, a sabunta ta lokaci-lokaci. Inda ruwa ya fi duka, kamar saman soro da zankwaye, laso ake sawa: katsi, wato abin da ke kwantawa a gindin rijiyar marina, a haɗa shi da gashin da majema suka kankare daga fata, da ruwan dafara mai yauƙi. Sharar marina da ta majema ita ce simintin magini. Sana'o'in birni suna ciyar da juna, kuma da marina suka ja baya, laso ya bi su. Ado kuwa a jikin yaɓen ake yin sa tun yana ɗanye, a fitar da dagi da sauran zane a ƙofar zaure. A cikin ɗaki farar ƙasa ce, sai jeren amarya, wanda ya tashi daga ƙore zuwa tasoshi, daga nan zuwa kwanukan langa masu fure da ake jerawa har sama. Jere shi ne adon bangon ɗaki, kuma mata ne masu tsara shi.

Kuskuren da ya rusa gidajen ƙasa da yawa shi ne shafe su da siminti da niyyar gyara. Bangon ƙasa kamar randa yake, yana tsotsar laima ya sake ta a hankali. Siminti ya fi shi tauri, ba sa motsi tare, don haka dole ya tsage. Ruwa ya shiga ta tsagar, ya rasa hanyar fita, ya jiƙa ƙasar daga ciki ba wanda ya gani, sai wata damina ɓawon ya ɓanɓaro da rabin bango. Daga nan a ce ginin ƙasa ba shi da ƙarko. Farar ƙasa da ake gasawa daga dutse ta fi dacewa da shi, domin tana barin laima ta fice. Mutanen Marrakesh a Maroko har yau da ita suke shafe bangon ɗakunan wankansu, su goge da dutse mai santsi da sabulun man zaitun har ruwa ya daina kama shi, kuma masu tsara otal-otal a Turai na biyan kuɗi mai yawa don a yi musu irinsa.

Rufi ba sai an tsawaita ba, kowa ya ɗanɗana. Soron da aka yi da azarar giginya aka lulluɓe da ƙasa yana tare rana kamar yadda bango ke yi. Kwano kuwa minti kaɗan ya ishe shi ya yi zafin da ba a taɓa shi. Yanzu ana yayin dogon rufi mai tsini da kwano mai duhun launi, baƙi ko ruwan ƙasa, wanda ya fi kowanne zuƙar rana. Tsayin zai yi amfani da an bar ƙofofin da iska mai zafi za ta fice ta sama, amma akasari a toshe ake barin sa. Ƙarƙashinsa sai POP, wanda ba komai ba ne illa dutsen jifsam da aka gasa aka niƙa. Yana da kyan gani, yana jure wuta, yana karɓar kowane irin zane da ɓoyayyun fitilu, amma ɗigon yoyo ɗaya ya isa ya yi masa tabo, kuma kowane hawa da aka ƙara don ado yana rage tsayin ɗaki. Silin roba ya fi arha, ba ya jin ruwa, sai dai in gobara ta tashi hayaƙinsa guba ne. Masu gyaran tsoffin gidaje kuma su yi hattara da tsohon silin asbesto: yana zaune lafiya in ba a taɓa shi ba, amma ƙurarsa in an fasa tana jawo cutar daji a huhu bayan shekaru. Mafi arhar maganin zafin rufi shi ne launi. Birnin Ahmedabad na Indiya, bayan zafin shekarar 2010 ya kashe mutane da yawa, ya fito da shirin tunkarar zafi a 2013, daga baya ya sa shafa wa rufin gidajen talakawa farin fenti a cikin shirin, saboda fari na mayar da mafi yawan hasken rana inda ya fito.

To, ko za a iya gina gidan zamani da ƙasa, wanda ma'aikacin banki zai shiga ba tare da jin an mayar da shi ƙauye ba? Wannan tambaya ce wasu masu zanen gine-gine huɗu suka ɗauka a Yamai. Mariam Issoufou Kamara 'yar Nijar, da Yasaman Esmaili 'yar Iran, da Elizabeth Golden, da Philip Sträter, sun haɗu da sunan united4design suka gina rukunin gidaje 6 da ake kira Niamey 2000, aka kammala a 2016. Ita Mariam da ilimin kwamfuta ta fara, ta yi shekaru tana aikinsa a Amurka kafin ta koma Jami'ar Washington ta karanta zanen gine-gine, ta kafa ofishinta a Yamai a 2014.

Yamai gari ne mai faɗaɗa ta gefe, kowa na son fili da katanga da gida a tsakiya, don haka mai ƙaramin ƙarfi kullum ana tura shi nesa da wurin aikinsa. Masu zanen kuwa sai suka waiwayi tsoffin biranen yankin, Tumbuktu da Kano da Damagaram, inda gidaje ke manne da juna, kowanne na yi wa ɗan'uwansa inuwa, sirrin iyali kuma na cikin tsakar gida. Suka ɗora gidajen hawa biyu, kowanne da farfajiyarsa da wuraren zama a sarari, don a Yamai ma, kamar a Sakkwato, rabin rayuwar gida a waje ake yin ta. Babu zanko, babu dagi, babu wani abu da aka liƙa don a ce gargajiya ce. Layukan ginin miƙaƙƙu ne irin na yau. Abin da suka ɗauko daga da shi ne aikin da bangon ke yi.

Bulon da suka yi amfani da shi na jar ƙasa ne da ake matsewa a inji, ba a gasa shi. Ana tankaɗe ƙasar, a ɗan jiƙa ta, a zuba siminti kaɗan, galibi kashi 5 zuwa 8 cikin 100, a danne ta da ƙarfi a cikin ma'auni, a bar ta ta yi makonni tana ƙwari a inuwa. Fasahar ba sabuwa ba ce: injin hannu da ya yaɗa ta a duniya, CINVA-Ram, wani injiniya mai suna Raúl Ramírez ne ya ƙera shi a Bogota ta Kolombiya a shekarun 1950. Bulon na fitowa da kaifin gefe, girmansa ɗaya, birkilan da ya saba da igiya da ma'aunin ruwa zai iya jera shi. Simintin da aka rage kuma ba ƙaramin abu ba ne, ko ta fuskar aljihu ko ta muhalli, tunda ana gasa dutsen siminti a zafin kusan digiri 1,450, kuma masana'antarsa ce ke fitar da kusan kashi 8 cikin 100 na iskar kabon da ɗan'adam ke saki. Aikin Niamey 2000 ya shiga jerin waɗanda aka tantance don kyautar Aga Khan ta 2022. A Dandaji, cikin jihar Tawa, Mariam da Yasaman sun sake amfani da irin wannan bulo suka gina sabon masallaci, suka mai da tsohon na ƙasa ɗakin karatu, aka gama a 2018, tare da maginan gargajiya a cikin aikin.

Ba su kaɗai ba ne. Francis Kéré na Burkina Faso, wanda a 2022 ya zama ɗan Afirka na farko da ya karɓi kyautar Pritzker, ya warware rigimar kwano tun a makarantar da ya gina a ƙauyensu Gando a 2001: ya ɗaga kwanon sama a kan ƙarafa, nesa da silin na bulon ƙasa, iska na ratsawa tsakani, kwanon kuma ya zarce bango sosai yana kare shi daga ruwa. A kudancin Najeriya, Demas Nwoko ya daɗe yana haɗa jar ƙasa da siminti kaɗan a gine-ginensa na Ibadan da garinsu Idumuje-Ugboko, tun ana yi masa kallon mai taurin kai, har bikin gine-gine na Venice ya karrama shi a 2023.

Gidaje 6 dai ba su isa su sauya birni ba, kuma yabon da ake yi a Turai ba ya sa mai fili a Yamai ko Kano ya canza shawara. Cikas na farko a zuciya yake. Mutumin da ya taso a gidan ƙasa, ya ga mahaifinsa na yaɓe kowace shekara kafin damina, ya yi fafutuka ya tara abin gini, ba zai ji daɗi a ce masa ya koma ƙasa ba, kuma dangin matarsa ma za su yi magana. Hassan Fathy ya gamu da irin wannan a Masar tun a shekarun 1940, lokacin da ya gina wa mutanen Gurna sabon ƙauye na tubali kusa da Luksor, da yawansu suka ƙi tarewa, ko da yake su suna da wasu dalilan na ƙin barin tsohon mazauninsu. Wanda ke son sayar da gidan jar ƙasa dole ya sayar da shi a matsayin abin alfahari, ya fara da masu hali. In aka ce na talaka ne, talakan ma ba zai so ba.

Na biyu aiki ne. Ba kowace ƙasa ke yin bulo ba: mai yumɓu da yawa tsagewa take, mai yashi da yawa ba ta kamawa, sai an gwada kafin a fara. Dole a ɗaga tushe da dutse ko kankare sama da inda ruwa ke kwanciya, a sa abin da zai hana laima hawa bango, a fito da bakin rufi ko a gyara indararo yadda ruwa zai zuba nesa. Banɗaki da kicin na nan suna buƙatar tayil ɗinsu. Sannan bulon siminti na da gatan da jar ƙasa ba ta da shi: akwai mai buga shi a kowace kwana, ana sayen ɗari yau a ƙara hamsin in albashi ya shigo, a bar shi a fili shekara biyu ruwa na dukansa. Haka yawancin mutane ke gini, kaɗan-kaɗan. Bulon jar ƙasa na son inji a kusa, da ƙwararren mai haɗi, da rufi a kan lokaci, kuma har yau a mafi yawan garuruwanmu wanda ya yanke shawarar yin gini da shi sai ya yi cigiya kafin ya sami mai buga masa.